Rigar Kwaɗo

Shafi na 19

Na ga sharhinku na jiya. Wata ta rubuto wai in daina jan rai in faɗi abin da ya faru ranar Juma'ar nan. 'Yar'uwa, shekara goma sha ɗaya na yi ina fassara takardun mutanen da ba su da aiki sai jira, a wurin aiki na koyo jan rai. To ga Juma'ar. Wanda ya zage ni bayan ya gama karantawa ba zan ce ya yi laifi ba.

Sababbin shigowa ku matso, sau ɗaya zan taƙaita muku.

Ƙanwata Thoan ta haifi biyu sun koma, ba wanda ya kai wata uku. Da ta haifi ta uku, mace, tsofaffin ƙauyenmu suka ce wabi ne, a yi abin da aka saba. Aka sa mata suna Kwaɗo don kada iskoki su yi sha'awarta. Mai tsaron haikali ya buga jan hatimi a wata 'yar riga rawaya, ya yi mata rubutun mutanen da, aka saka wa jaririyar. Thoan ta kwantar da ita a ƙofar haikali ta juya baya kamar ba ta so, mace mai rayayyun 'ya'ya ta zo ta tsince ta. Iskoki su ɗauka an yar da ita su ƙyale, bayan kwana ɗari a mayar wa uwa abinta.

Wa aka zaɓa ta tsinta? Ƙanwar ubanmu, Goggo Mui, mai 'ya'ya biyar da ko mura ba ta kwantar da su.

Kwana arba'in da ɗaya ta shigo tsakar gida tana birgima, wai zazzaɓi ya ɗauke Kwaɗo, har an binne. Uwar wabi kuma ba a nuna mata kabari.

Shekara biyu da wata huɗu Thoan tana kunna turare tana ajiye madara a ɗan kofi saboda 'yar da ke raye a gidan marayun birni, da sabon suna Nhien. Ni kuwa, ni Khue, tafinta a ofishin da ke miƙa marayu ga Turawa masu neman ɗan riƙo, ni na fassara fayil ɗin Nhien zuwa Faransanci da hannuna, shafi bayan shafi, ban san jinina nake shirya wa hanya ba. Sai da Turawan da za su ɗauke ta suka iso, hukumar ƙasarsu ta ce da saura, sai an kawo bayanin wanda ya tsinci yarinyar. Duk ofis muka zage su, har da ni. Kwana tara kafin Juma'ar takardar ta sauka a teburina. "Ni Do Thi Mui na tsinci jaririya a bencin tashar mota, ban san iyayenta ba." Ga dangwalen yatsa a ƙasa.

Mu ci gaba.

*

Takwas saura na safe ina tsaye a tasha ina jiran motar ƙauye, wayata na ta kuka a jaka. Na duba, ofis ne. Na danne. Ta sake, na sake dannewa. Na san halinsu, duk ranar da Turawa za su karɓi yaro sai kowa ya rikice, a kira tafinta a tambaye ta ko furen kan tebur ya yi kyau. Bikin miƙa yarinya ƙarfe goma ne. Na kashe wayar gaba ɗaya.

Thoan ta sauko ta rungume wata leda a ƙirji. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Kin kawo?" na ce.

"Tana nan."

"Zo ki ci taliya."

"Yaya Khue, mu wuce ofishin yanzu. Don girman iyayenmu."

"Ƙarfe goma."

"Kwana tara kenan kina ce min in jira."

"To awa biyu ce za ta kashe ki?"

Na ja ta rumfar mai taliyar shinkafa, aka ajiye mana kwano biyu. Nawa na cinye har romo. Nata ya huce a gabanta, ko tsinken cin ba ta ɗauka ba.

"Ni ba ruwana da Goggo," ta ce a hankali. "Ta je da halinta. 'Yata kawai nake so."

"Ki saurare ni. In muka kai takardar nan a ɓoye, aljihun tebur za ta shige, a ce mana ana bincike. Mun san wa da wa ke da hannu a ciki? Amma a gaban Turawa, a gaban kyamara, ba mai iya haɗiye ta. Muddin ba a sa hannu a babban littafi ba, Kwaɗo tamu ce. Ƙarfe goma ake buɗe littafin. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye kusa da shi, ni za ki koya wa?"

Ta ƙara rungume ledarta.

Abin da na faɗa mata gaskiya ne. Sai dai ba shi ne dukan gaskiyar ba, kuma tunda na ɗauki alƙalami ba zan yi muku ƙarya ba. Ina son in ga fuskar Goggo Mui. Ina son ta ci ado, ta shafa hoda, ta miƙe a gaban jama'a ta faɗi ƙaryar da bakinta, sannan in ja tabarmar daga ƙarƙashinta. Kwana tara da wannan hoton nake cin abinci.

Ni na ma sa aka gayyato ta. Na ce wa Madam Odile, matar da za ta ɗauki yarinyar, "Ba kya son ki gode wa matar da ta tsince ta?" Baiwar Allahn nan ta kama hannuna tana hawaye wai ni mutuniyar kirki ce. Sannan na kira Goggo na ce, "Ashe kin taɓa tsintar yarinya ba ki gaya mana ba? Turawa na nemanki da kyauta." Ta cikin wayar ma na ji tana lissafi. Ta san sau ɗaya na taɓa ganin Kwaɗo, tana kwana shida a duniya, ba zan gane ta ba. Kwaɗayi ya rinjayi tsoro, ta ce tana zuwa.

*

Goma saura biyar muka shiga harabar ofis. Na zaunar da Thoan a bencin baranda, malafa a kai, takunkumi a fuska.

"Kada ki motsa sai kin ji na kira sunanki."

"Tana ciki?"

"Tana ciki."

Ta kama ƙarfen bencin da hannu biyu.

Ɗakin taro yadda yake kullum, jan ƙyalle a tebur, fure, tuta, fanka na juyi. Babban littafin na gefe a rufe. Madam Odile na zaune da yarinyar a cinya, mijinta Loic na gyara kyamara. Shekara huɗu da wata bakwai matar nan tana jira. Takardar likita ta mutu su sake, takardar 'yan sanda ta mutu su sake, hoton gidansu ma sau uku aka ce ya tsufa. Duk ɗaya ga wata sai saƙonta ya shigo min, kalma uku rak: "Khue, akwai labari?" Ban tsane ta ba. Da na tsane ta da abin ya zo min da sauƙi.

Sai na kalli yarinyar. Goshin ubanmu ne sak. Na yi ta kallon hotonta a fayil shekara guda ban gani ba, yau kuma ba na ganin komai sai shi.

"A'a! Khue 'yar gidana!"

Goggo Mui ke nan. Doguwar riga ta karan-miski ruwan shanshanbale a wannan zafin, sarƙa zagaye uku, jan baki har kan haƙori.

"Zo ki gaya wa Baturiyar nan ni goggonki ce. Tun ɗazu nake mata magana tana min murmushi kamar kurma."

"Zan gaya mata, Goggo. Yau komai zan gaya mata."

Shugaban ofis, Yallaɓai Vuong, ya taso yana duba agogo.

"Khue, ina kika shiga? Tun safe ake kiranki, saboda..."

"Ga ni, Yallaɓai. Mu fara kada mu ɓata maka lokaci."

 Ya koma ya zauna.

Aka yi jawabin da aka saba, zumuncin Vietnam da Faransa, alherin iyaye, makomar yara. Na fassara ba tare da na ji ko kalma ɗaya ba. Sai Madam Odile ta miƙe, ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta je gaban Goggo ta rusuna yadda na koya mata.

"Tana cewa," na ce wa Goggo, "ba don ke ba da ba ta zama uwa ba. Tana roƙon ki ba da labarin ranar da kika tsince ta, mijinta zai ɗauka a kyamara, in yarinyar ta girma ta gani."

Goggo ta gyara sarƙa. Ta gyara murya.

"Ranar dai ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Na zo birni sayen maganin ƙafa. Ina zaune a tasha sai na ji ɗan kuka, ƙyas-ƙyas, kamar na mage. Na duba ƙarƙashin benci..."

"A takarda kin ce kan benci, Goggo."

"Kan benci, ƙarƙashin benci, ke kina wurin ne? Fassara kawai. Na ɗauke ta, jikinta sanyi ƙalau. Na ce wayyo, wace marar imani ce ta yar da wannan? Wace irin uwa ce? Ko karya ba ta yin haka."

Na fassara har da karyar. Madam Odile ta rufe baki da hannu.

"Madam na tambaya," na ce, alhali ba ta tambayi komai ba, "ba ki ga kowa kusa ba? Ba ki san ko 'yar wace ce ba?"

"Ni? Ina zan sani? Na rantse da kabarin yayana."

Kabarin ubanmu ke nan. 

"Me ke jikinta da kika tsince ta?"

"Wani tsumma dai."

Na juya ga Madam Odile na ce da Faransanci, "Madam, rigar nan da gidan marayu suka ba ki, nuna mata ko za ta tuna."

Ta buɗe jaka da murna ta fito da ita, a naɗe cikin farar takarda kamar zinariya. 'Yar riga rawaya da ba ta fi tafin hannu biyu ba, jan hatimi a baya, baƙin rubutu a cikin wuya.

Murmushin Goggo bai tafi ba, amma ya daskare.

"Irin ta haikali ce," ta ce. "Yara dubu na da ita. Addu'a ce kawai."

"Ashe kin iya karatun mutanen da, Goggo?"

"Wa ya iya shi yanzu?"

"Yallaɓai ya iya."

Duk ofis an san shi da wannan. Kowace sabuwar shekara sai ya shimfiɗa jar takarda ya rubuta mana kalmomin sa'a da buroshi, ko kana so ko ba ka so sai ka liƙa a ƙofa. Na ɗauki rigar na ajiye a gabansa.

"Khue, mene ne haka?"

"A taimaka a karanta wa baƙi, Yallaɓai. Za su ji daɗi."

Ya sa tabarau yana ɗan jin kansa. Ya bi layin farko da yatsa.

"Neman tsari ne... daga iskoki... ga yarinya mace..."

Yatsan ya tsaya.

"Ci gaba, Yallaɓai."

"...'yar Do Thi Thoan, ta ƙauyen Bai Sen. An miƙa ta amana ga..." Ya ɗago ya kalli Goggo ta saman tabarau. "Ga Do Thi Mui. Kwana ɗari."



Kun ga kuskurenta? Matar da ta iya tsara mutuwa da binnewa da benci da ruwan sama, ta miƙa yarinya da sunanta rubuce a wuyan riga. Tsoron cire rigar haikali take, kada iskoki su biyo ta gida. Ba ta ji tsoron raba uwa da 'ya ba, amma ta ji tsoron tuɓe riga.

"Thoan!" na ƙwala.

Ƙofa ta buɗe. Ta shigo ta cire malafa, ta cire takunkumi.

Goggo ta ja baya har ta ture kujera.

"Ke... me ya kawo ki nan?"

"Na zo ganin kabari, Goggo," Thoan ta ce. "Kin ce ba a nuna wa uwa. Na gaji da jira."

Ta zaro takardar daga leda, rawaya, ta yi laushi don ninki. Wadda mai tsaron haikali ya rubuta ranar, ya ba uwa ta ajiye. Ta shimfiɗa kusa da rigar. Ni kuma na zaro ta ofis daga fayil na ajiye a gefe. Takarda biyu, dangwalen yatsa biyu, duk da 'yar tsagar nan a tsakiya inda wuƙar yankan rake ta taɓa cin Goggo.

"Wannan ta ce kin karɓi 'yar Thoan amana," na ce. "Wannan ta ce ba ki san iyayenta ba. Wane yatsan ne maƙaryaci, Goggo? Ko aron hannu kika yi?"

"Sharri ne! Haɗa baki suka yi! Yallaɓai, yaran nan tun suna ƙanana ba su da kunya..."

"Ɗaga babban yatsanki a gani."

Ta dunƙule hannun ta cusa ƙarƙashin hammata.

"Ɗaga mana. Ɗazu ba da shi kike gyara sarƙa ba? Af, sarƙar ma ta yi kyau. Benen da kika ɗora bara ma ya yi kyau. Muka ce ɗanki na Koriya ne ya aiko. Ashe a tasha kika tsinto shi, a kan benci."

Wata ma'aikaciya ta yi dariya ta toshe baki. Na ji daɗin dariyar nan har tafin ƙafata.

"Khue." Madam Odile ce, ta ƙanƙame yarinyar. "Me ake cewa? Wace ce wannan matar?"

 Ban gama da Goggo ba.

Sai Goggo ta daina ja da baya. Ta share jan bakinta da bayan hannu, ta tako gaban Thoan, muryarta ta koma irin ta tsakar gida.

"To na yi. Sai me?"

"Goggo..."

"Na ce sai me? Biyu kika haifa kika binne. Wannan ta zo hannuna tana tari kamar tsohuwa, mijinki na can teku ko wasiƙa babu, ke ko nono babu. Da na mayar miki da yanzu ciyawa ta fito a kanta. Dube ta! Dubi kumatu! Wa ya raya ta, ke?"

Thoan ta yi kamar an mare ta.

"Kuma da kike ta amana amana, wa ya kwantar da ita a ƙasa ya juya baya? Rabin ƙauye sun gani. Ni ban saci kowa ba. Yarwa kika yi, na tsinta."

"Ke kika riƙe min malafa ranar," Thoan ta ce. "Kika ce kada in waiwaya, in na waiwaya iskoki za su gane. Ina jin kukanta har na kai gada ban waiwaya ba. Saboda ke kika ce."

"To da kin waiwaya."

Ban san sanda hannuna ya tashi ba. Ƙarar marin sai da ta dawo daga bango. Sarƙar ta tsinke, duwatsun suka watse suna gangarawa ƙarƙashin kujeru, ashe ma roba ce.

"Wannan na madarar da take ajiyewa ne," na ce. "Kullum, shekara biyu da wata huɗu. Sauran kotu za ta ba ki."

Da ta ji kotu sai ta sauya salo. Ta zube a gaban teburin tana kama jan ƙyallen.

"Yallaɓai, ni tsohuwa ce. Ba ni kaɗai ba ce. Wata mata ce ta zo ta ce min ana neman jarirai mata masu lafiya..."

"Ɗazu tari take kamar tsohuwa," na ce. "Yanzu kuma mai lafiya ce?"

"Khue, 'yar yayana, ni na yi miki wankan jego..."

"Ban taɓa haihuwa ba, Goggo. Ƙaryar ma ta fara ruɗe miki."

Yallaɓai ya ce a kira mai gadi a rufe ƙofa. Kyamarar Loic na nan a kunne, ya manta da ita a hannunsa. Ga Goggo Mui a ƙasa, karan-miski ya kwashi ƙura, hoda ta dame da gumi, ma'aikata goma sha biyu na kallo. Yadda na zana a raina haka ya fito, ko layi ɗaya bai kauce ba. Na tsaya a kanta na sha kallo na ƙoshi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Thoan ko kallonta ba ta yi. Ta durƙusa a gaban Madam Odile, ta buɗe hannu biyu.

"Kwaɗo," ta ce. "Kwaɗona. Zo."

Yarinyar ta leƙo ta kalle ta. Ta kalli hannun. Sai ta juya ta cusa fuska a wuyan Baturiyar ta riƙe gashinta gam. Kwana goma sha biyu kacal da saninta, amma kwana goma sha biyun nan sun fi abin da Thoan ke da shi.

"Ba komai," Thoan ta ce tana murmushi, hawaye na zuba. "Ba ta san ni ba ne. Za ta saba. Ko, Yaya? Za ta saba."

"Za ta saba."

Na juya ga Madam Odile. Wannan ne wurin da na fi tsoro duk kwana taran nan. Na gaya mata da Faransanci mafi sauƙi da na iya, ba ado. Wannan ƙanwata ce. Ita ta haifi yarinyar da ke hannunki. Ba ta yar da ita ba, ce mata aka yi ta mutu.

Ba ta yi ihu ba. Jinin fuskarta ne ya janye.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana tara."

"Kwana tara." Ta maimaita a hankali. "Kika bar ni ina mata wanka. Kika bar ni na koya mata ta ce min mama. Kika sa na rusuna wa waccan."

Na juya inda nake da ƙarfi.

"Yallaɓai, a matsayina na ma'aikaciya kuma 'yar'uwar uwa, ina neman a dakatar da sa hannu. Kada a buɗe littafin nan yau. Ga uwa, ga shaida, ga mai laifi ta amsa da bakinta."



Na kalli sakatariya, ta sunkuyar da kai. Na kalli matar gidan marayu, tana kallon fanka. Loic ya sauke kyamara, ya matso ya tsaya tsakanin matarsa da Thoan.

"Yallaɓai?"

Ya cire tabarau ya murza ido.

"An kira ni taro a fadar lardi ƙarfe sha ɗaya," ya ce. "Jiya da yamma aka sanar da ni. Na ce to a rage aiki, a yi na ofis da wuri, ƙarfe goma a yi jawabi da hotuna kawai. Sau shida aka kira ki, Khue. Da ba ki ɗauka ba, wakilin ƙungiyar da ta kawo Turawan ya yi mana tafinta."

"A rage wane aiki?"

Ya jawo babban littafin ya buɗe inda aka sa tsinke, ya juyo min shi.

Sunan Nhien. Hannun Yallaɓai. Hannun matar gidan marayu. Hannun Loic. Hannun Odile, da 'yar lanƙwasar nan da na sani a ƙasan wasiƙu hamsin da biyar. A kansu duka jan hatimi, zagaye, ya zauna daram.

Na ɗora yatsa a kai. Ya bushe.

"Ƙarfe nawa?" na ce. Ban gane muryata ba.

"Takwas da rabi."

Takwas da rabi ina rumfar mai taliya ina shan romo. Tafiyar minti bakwai a babur zuwa ofis.

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye kusa da littafin nan. Na ga an yi kuka a kansa, na ga an yi dariya, na ga wata ta suma. Ban taɓa ganin an kwance abin da jan hatimin nan ya ɗaure ba. Jirginsu kuma ranar Talata ne.

Daga ƙasa na ji wani sauti. Goggo Mui ce, leɓenta a fashe, tana dariya ƙasa-ƙasa.

Thoan ba ta iya karatun ofis ba, amma ta iya karanta fuskata tun muna yara. Ta miƙe daga durƙuson a hankali. Ta kalli littafin, ta kalli Loic da ya karɓi yarinyar ya saɓa a kafaɗa yana laluben jakarsu da ɗaya hannun. Sannan ta juyo gare ni. Ba Goggo ta kalla ba. Ni.

"Yaya Khue," ta ce. "Ke kika ce in jira."